Hannun da Ya Mutu Sau Biyu

Ni Gyongja ba marubuciya ba ce. Ƙosan kifi nake soyawa a wata masana'anta da ke gindin tudun unguwarmu a Busan, kuma da abin nan bai tsaya mini a maƙogwaro ba da ban ɓata takarda ba. Labarin Tak Malsun ne, wadda muka shekara goma sha wani abu muna tsaye kafaɗa da kafaɗa gaban injin niƙa kifi, da kuma na mutanen gidansu, mutanen kirki masu zuwa coci da gogaggun takalma.

Farkon bazara injin ya kama hannun rigarta, ya ja wuyan hannunta na dama ciki. Ina wurin, kuma ba zan kwatanta ba. Likitoci suka yi mata aiki har sau biyu, daga ƙarshe suka haɗe ƙasusuwan da ƙarfe suka ce iyakar ƙoƙarinsu ke nan. Wuyan hannun ba zai ƙara lanƙwasawa ba, yatsun kuma ko tsinken cin abinci ba sa riƙewa. Shekarunta sun kusa sittin, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ɗa ba jika, ɗaki ɗaya take haya a kan rufin wani bene. Muddin ana magani, ofishin diyyar ma'aikata yana ba ta wani abu daga albashinta duk wata, ranar da aka ce magani ya ƙare kuma ya tsaya. Abin da ya rage mata a duniya shi ne diyyar nakasa da ake biya a dunƙule. Da ita za ta ci, da ita za ta riƙe ɗakin.

Ƙaninta Yongdal, dillalin gidaje, bai taɓa hawa matakalar ɗakinta ba, wai gwiwarsa. Amma da ya ji maganar diyya sai gwiwar ta warke. Kusan kullum yana asibiti da kwalin lemon kwalba, matarsa Maman Jihun na biye da shi da miyar ƙashin sa a kula. Yakan kama hannun da ke cikin filasta ya runtse ido ya yi addu'a da ƙarfi, yadda har masu jinya a ɗakin da ke kusa za su amfana. In ya ce amin sai ya matso da kujera.

"Yaya, kuɗin nan in ya fito kada ki bar shi a banki yana barci. Jihun zai yi aure baɗi, kin san yarinya yanzu ba ta shiga gidan hayar da ba a biya wa mai shi kuɗin ajiya ba. Mu sa shi a can, ni zan riƙa ba ki riba duk wata."

"Bari ya fito tukuna," in ji Malsun.

"Zai fito mana. Hannu ne fa guda."

Haka yake faɗa, kamar mai tallan fili da ke kallon teku.

Da kaka ta shigo aka rufe magani, aka auna hannun, aka kira ta ofishin diyya. Ni na raka ta, don ba ta iya riƙe jaka da ƙarfen bas a lokaci ɗaya. Wata yarinya mai ladabi ta zaunar da mu, ta kawo mana ruwan sha'ir a kofin takarda, ta daɗe tana kallon na'urarta kafin ta ɗago.

"Mama, an sa hannunki a mataki na takwas. Wato wuyan hannun ya daina aiki gaba ɗaya."

"Wannan kam mun sani," na ce. "Nawa ne?"

"Sai dai akwai wata magana. Shekara ashirin da biyu da suka wuce an taɓa biyan Mama diyya a kan wannan wuyan hannun, lokacin tana wata masana'antar gwangwani. Shi ma mataki na takwas aka sa."

Na juya na dubi Malsun. Ita kuwa kofin take kallo.

"Ƙa'idar ita ce," yarinyar ta ci gaba, "in gaɓar da aka taɓa yi wa hukunci ta sake samun rauni, ana cire kuɗin matakin da daga na matakin yanzu, a biya bambancin. To na takwas ne a da, na takwas ne yanzu."

"Sai me ya rage?"

"Babu abin da ya rage, Mama. Ku yi haƙuri."

Dariya ta kuɓuce mini, irin wadda ba ta da daɗi. Na ce, "Ke 'yar nan, hannun nan da kike gani ya fi shekara goma yana ɗaga bokitin niƙaƙƙen kifi a gefena. Ya taɓa yi mini dundu a baya har na yi kwana biyu ina jinsa."

"Na yarda da ke. Amma a wurinmu ya daɗe da mutuwa."

A bas ɗin komawa na matsa mata sai da ta faɗa mini. A wancan karon tsagewar ƙashi ce kawai, abin da zai warke cikin 'yan watanni a ba ta ɗan abin da ba a rasa ba. Yongdal lokacin ba ya aikin komai sai karanta jarida. Shi ya samo wani ɗan kamasho da ke yawo a harabar asibitoci, wanda ya koya musu dabara: bayan an cire filasta a ɗaure hannun tsakanin katako biyu har ranar awo, don ya sandare, in likita ya taɓa kuma ta yi ihu. Mahaifiyarsu ce ta riƙa ɗaure katakon da tsumma kowace safiya. Aka auna, aka sa takwas, kuɗi ya fito mai kauri, Yongdal ya buɗe ofishin dillanci da shi. Hannun kuwa cikin rabin shekara ya saki, ta koma aiki.

"Ke nawa aka ba ki?" na tambaya.

"An saya mini rigar sanyi."

Na ji haushinta, na kuma ji tausayinta, har na rasa wanda zan fara nunawa. Sai na yi ta zagin direba a kan birki.

Yarinyar ofishin ta ba mu ƙofa ɗaya kafin mu fito. Ana iya neman kwamiti ya sake duba hukuncin. In an tabbatar awon farko ba gaskiya ba ne, za a ɗauka hannun yana da sauran ƙarfi kafin injin ya kama shi, a biya ta bambanci mai tsoka. Tsohon kuɗin kuma ta ce da wuya a waiwaye shi bayan wannan tsawon lokaci. Matsalar ita ce asibitin farko an rushe shi an gina wurin ajiye motoci, likitan ya mutu, hoton ƙashin ya bi shara. Shaidar abokan aiki za ta taimaka, amma ba ta isa ba, don masu mataki na takwas da yawa suna lallaɓawa su yi aiki. Sai an sami wanda ya ga yadda aka yi. Mutum biyu ne suka gani, ƙaninta da uwarta.

Ranar Lahadi bayan an taso coci muka je gidan Yongdal, hawa na goma sha wani abu, inda ake ganin jiragen ruwa ta taga. Tsohuwar, uwarsu, da ke zaune a wurinsa, tana barci a ɗakinta. Labari ya riga mu isa, don babu miyar ƙashi a wannan karon, sai tuffa guda da aka yanka siriri har ana hango faranti ta cikinsa.

Malsun ta yi bayani a hankali, ta ƙare da cewa, "Ba kuɗinka nake nema ba. Ka zo ka faɗi abin da aka yi, shi ke nan."

Yongdal ya cire tabarau ya murza ido. A watan Disamba za a yi zaɓen dattawan cocinsu, kuma ya yi shekaru yana share wa kujerar hanya, har sabuwar motar ɗaukar tsofaffi ya saya wa cocin da sunansa a jikin ƙofa.

"Yaya, wannan abin ni na tuba a kansa tuntuni. Na hau dutse na yi azumi, na yi kuka gaban Ubangiji, kuma ya yafe mini, na ji a jikina. Yanzu ke ce za ki tono abin da Allah ya riga ya rufe?"

"Ni da aka ɗaure wa hannun ba a gaya mini an yafe ba."

"Kin ga irin maganar da ke hana ki samun albarka ke nan."

Maman Jihun ta aje wuƙar tuffa. "Yaya, ni abin da ban gane ba, hannu biyu Allah ya ba ki. Me ya sa sai wannan kika miƙa wa injin? Da na hagu ne ai da yanzu ana murna."

Na buɗe baki, Malsun ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Kuma kuɗin nan ba ci aka yi aka sha ruwa ba," matar ta ci gaba. "Gida aka tayar da shi. Yau in an ce gidan Tak a unguwar nan kowa ya san wa ake nufi. Ke ba Tak ba ce? Ai ke ma darajar ta shafe ki."

"To in haka ne ku ba ni ɗakin Jihun, tunda zai tashi," in ji Malsun.

Miji da mata suka dubi juna. Ashe ɗakin Jihun an riga an yi masa alkawari: injin motsa jiki zai shiga, da fiyano, likita ya ce wa Baban Jihun ya rage tumbi. Ban da haka iskar hawa na sama ba ta da kyau ga mai ciwon ƙashi.

"Shugaba Tak," na ce, "ofishin nan da kake zaune a ciki, da hannun wa aka saye shi?"

"Baiwar Allah, wannan maganar cikin gida ce."

"Ai a cikin gidan nake zaune."

Ya yi murmushin da yake yi wa mai haya in ya zo neman a gyara famfo. Ya ce Yaya ta ƙara haƙuri zuwa bayan Disamba, komai zai daidaita, zai sa ta a addu'ar asuba. A bakin ƙofa Maman Jihun ta cusa mata ambulan da kwalin man girki irin wanda kamfanoni ke rabawa da sallar girbi, tambarin wani banki na nan a jiki ba a ko ɓare ba. Abin da ke cikin ambulan ya ishe mu kuɗin tasi zuwa gindin tudu, ban da hawan.

Daga nan kwanaki suka fara yi mata nauyi. Masana'anta ta ce tana matuƙar jimami, amma layin aiki ba ya jiran mai hannu ɗaya, suka sallame ta da kwalin ƙosan kifi, wanda da hannunta aka niƙa irinsa. Mai gidan haya ya fara cire kuɗin wata daga ajiyar da ta bayar tun shigarta, ya kuma gaya mata a fili cewa ranar da ajiyar ta ƙare yana da ɗalibi mai son ɗakin. Ta daina kunna na'urar ɗumama daɓen ɗaki sai in na zo. Gashinta da take taƙama da shi ta sa aka yanke shi ƙwal, don ba ta iya ɗaure shi. Wata rana na same ta ta danne gwangwanin kifi tsakanin gwiwoyi tana fama da murfin da haƙori, da ta gan ni sai ta ɓoye shi a bayanta, ta ce ba ta jin yunwa.

Na ja ta zuwa ofishin unguwa neman tallafin marasa ƙarfi. Ma'aikacin ya duba na'ura ya ce ai wannan baiwar Allah ba ta cikin marasa ƙarfi. A rajista tana zaune ne a hawa na goma sha wani abu a gidan ƙaninta, kuma tana da rabin wata baƙar mota babba. Malsun da ko keke ba ta iya hawa ba. Ashe tun da aka ba ta katin nakasa a wancan karon Yongdal ya maƙale sunanta a gidansa, don a lokacin mai nakasasshe a gida ne kawai ake bari ya sayi motar gas mai arhar mai, kuma akwai rangwame nan da can. Mota ta tsufa an canza, an sake canzawa, sunanta yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ta kira shi a waya a gabana.

"Yongdal, ka cire sunana daga gidanka da motarka."

"Yanzu? Yaya, in mutane suka ji na fitar da yayata nakasasshiya daga gida ana saura wata guda zaɓe, me za a ce? Ki yi tunani mana. Kullum kanki kawai kika sani."

Saura uwar. Duk ranar Alhamis, tun kafin in san ta, Malsun ce ke kai tsohuwar gidan wanka ta cuɗa ta, don Maman Jihun tururi yana sa mata jiri. Rauni bai sa an ɗauke mata wannan ba. A makon da aka sa ranar zaman kwamiti na bi su don in kama mata. Tsohuwar ta haura tamanin, ta ƙanƙance, tana zaune a kan 'yar kujerar roba, Malsun na goga mata baya da hannun hagu, na daman ta naɗe shi a leda ta ɗaga sama. Soson ya suɓuce mata ya fi a ƙirga. A ƙarshe tsohuwar ta juyo ta kama hannun da ke cikin ledar ta daɗe tana kallo.

"Ni na ɗaure shi," ta ce. "Da tsumman tsohon zanen gado. Kina kuka ina ja."

"Inna, abin da nake so ki faɗa musu ke nan. Ba ƙari."

"Zan faɗa. Me ya rage mini da zan ji tsoro? Ƙafata ɗaya tana kabari."

Malsun ta sunkuyar da kai cikin tururi. Ni ma na yi hawaye, ba zan ɓoye ba, har na saya wa tsohuwar madarar ayaba da muka fito. Har yau ina jin zafin kuɗin madarar nan.

Ranar zaman muka riga kowa zuwa, ni da Malsun da takardar shaidar da mu mata shida na layinmu muka sa wa hannu. Can sai ga baƙar motar Malsun ta tsaya a bakin ƙofa, Yongdal ya fito ya zagayo ya buɗe wa uwarsa, yana tallafe da ita kamar ƙwai. An kai ta an nannaɗe mata gashi, an sa mata sabuwar riga mai gashin dabba a wuya. 

Mutum uku ne a bayan tebur, likita ɗaya da wasu biyu. Suka karanta takardarmu, suka saurari Malsun, suka yi 'yan rubuce-rubuce. Sannan shugabansu ya ɗaga murya yadda ake yi wa tsofaffi.

"Kaka, kin tuna lokacin da 'yarki ta ji rauni a masana'antar gwangwani?"

"Na tuna. Uwa tana mantawa?"

"Bayan an cire filasta, hannun ya warke?"

Tsohuwar ta gyara wuyan rigarta. Ba ta dubi gefen da muke ba.

"Ina fa. Tun ranar nan hannun bai ƙara moruwa ba. Ko cokali da hagu take ɗauka. Ni da ɗana muke ta ɗawainiya da ita, yaron kirki ne, har a gidansa ya rubuta ta."

"Ta ce an ɗaure hannun da katako don ya sandare."

"Wane katako? Yarinyar nan tun da mijinta ya mutu kanta ba daidai yake ba. Ku yi mata afuwa."

Na miƙe na ce ƙarya ne, kwana huɗu da suka wuce a gidan wanka na ji da kunnena. Aka ce in zauna, ni ba a tambaye ni ba. Yongdal yana can baya ya haɗa hannu ya runtse ido, leɓunansa na motsi. Shugaban ya rufe fayil a hankali, ya ce za a aiko da amsa a rubuce, amma gaskiya bai ga abin da zai canza ba. Malsun ta tashi ta rusuna musu, ta kuma yi godiya. Wannan godiyar ta fi komai ƙona mini rai.

A baranda, lokacin da Yongdal ya tafi kawo mota, tsohuwar ta kamo gefen rigar 'yarta.

"Kada ki kalle ni haka. Ɗa ɗaya gare ni. In aka kunyata shi a coci ina zai sa kansa? Wa zai hau dutse ya yanke ciyawar kabarina?"

"Inna, ɗakina za a karɓe."

"Ke kin saba da wahala, Malsun. Shi bai saba ba." Ta share ido da sabon hankici. Sannan da muryarta ta kullum ta ce, "Kabeji zai iso Juma'a. Asabar za a yi kimchi, a cusa masa gishiri da yaji a ajiye don cin sanyi, ki zo da wuri. Matar nan ba ta san gishiri ba."

Na rantse a raina ba za ta je ba. Na gaya mata in ta je na daina gaishe ta. Ta ce to. Ranar Asabar da safe na hau ɗakinta na tarar da ƙofa a kulle, na san inda take, na yi ta masifa ni kaɗai a matakala, sannan na ɗauko safar hannuna ta roba na bi ta. Ba don su ba, don kada ta ɗaga bahon kabeji ita kaɗai.

A rufin ofishin dillancin ake yi, wurin da ruwa ke da hanyar fita. Na same ta a tsugune cikin iska, ta danne kan kabeji da gwiwar hannun dama, tana buɗe ganyen ɗaya-ɗaya da hagu tana cusa jan yaji. Tsohuwar na zaune kan tabarma cikin bargo tana ba da umarni. Maman Jihun ta sa atamfar kicin mai furanni, aikinta ɗanɗanawa. Yongdal ya leƙo sau ɗaya, ya ce kai, mata kuna shan aiki, ya ɗauke mu hoto don jaridar coci, ya sauka.

"Yaya, me ya kawo ki?" na ce mata ƙasa-ƙasa.

"In na bari ta sa gishirin, Inna ba za ta iya ci ba har bazara."

Muka yi ta yi har rana ta karkata. Kabeji ya fi kai ɗari. Aka jera robobi: na gidan, na Jihun da amaryar da ba a kawo ba tukuna, na surukan Jihun, na fasto, na wasu dattawan coci uku da ake sa ran ƙuri'arsu. Aka dafa naman alade aka ci da sabon kimchi kamar yadda aka saba, Malsun na ci da cokali a hagu, yajin ya ci mata fatar hannu har gwiwa. Da aka zo sallama Maman Jihun ta shiga ciki ta fito da wata 'yar roba, irin ta ajiye ragowar abinci, ta zuba kai uku ta danna murfi.

Malsun ta dubi robar. Ba ta saba tambaya ba, amma sanyi na tafe kuma ta san abin da ke cikin ɗakinta.

"Maman Jihun, ina babbar robata ta kullum?"

Matar ta yi 'yar dariya, ta dafa mata kafaɗa da kirki.

"Haba Yaya, a yi adalci mana. Bara da shekarun baya da hannu biyu kika yi aikin nan, ke kaɗai kike gama rabi kafin azahar, shi ya sa ake cika miki babbar. Bana kuwa da ɗaya kika yi, kowa ya gani."

Tsohuwar ta gyaɗa kai daga cikin bargo. "Gaskiya ne. Da, hannun nan nata kamar inji yake."

Na tsaya da safar roba a hannu ina kallonsu. Maganar da muka yi wata biyu muna roƙo, muka hau bene muka sauka, muka shiga gidan wanka muka fita, ga ta nan sun faɗe ta su biyu, ba wanda ya matsa musu, kwana kaɗan bayan an rufe fayil. A gaban hukuma hannun ya mutu shekara ashirin da biyu da suka wuce, don kada sunan ɗa ya ɓaci. A gaban baho kuwa sai bana ya mutu, don kada kabeji ya yi ciwon kai. Ofishin diyya ma da ya cire nata, ai ya ba mu ruwan sha'ir ya ce mu yi haƙuri.

An zaɓi Yongdal a Disamba da ƙuri'u masu yawa. An ce a jawabinsa ya yi kuka da ya zo kan yayarsa nakasasshiya da Ubangiji ya ɗora masa, mata da yawa ma sun taya shi. Amsar kwamiti ta ƙin amincewa ta iso a makon, gidansa aka kai ta, tunda can ne adireshinta.

Amma bari in koma ranar Asabar ɗin. Ta rusuna wa uwarta, ta ce a riƙa rufe robobin da kyau kada iska ta shiga. Ta ɗauki 'yar robar ta rungume a ƙirji da hannun hagu, muka fara sauka. A tsakiyar matakala ta tsaya ta ce, "Gyongja, riƙe mini wannan, ina so in kama ƙarfe." Na karɓa. Ba ta da wani nauyi.